Tsohuwar Kwamfutar Ikilisiya: A Saya Mata Katin Hoto Ko A Bari?

(Jawabin da sashenmu na koyar da sana'a ya gabatar wa magatakarda, ma'aji da shugabannin matasa na ikilisiyoyin karkara)

 

Kun saba jin bakinmu a kan rijiyar burtsatse, da irin shuka, da gidan sauro, da rumbun tsimi na ikilisiya. Yau kuwa maganar kwamfuta ce ta tara mu, kuma ga dalili. Ikilisiyoyi da yawa a cikinmu suna da tsohuwar kwamfuta guda, ko biyu, a ofishin fasto ko a makaranta. Waɗansu kyauta ce daga 'yan'uwa na birni, waɗansu daga ƙasashen waje suka zo, waɗansu kuwa da baikon jama'a aka saye su a gwanjo. Yanzu roƙo yana ta zuwa ofishinmu kusan iri ɗaya: kwamfutarmu ta yi nauyi, matasa sun ce sai an sa mata "girafik kad", ku taimaka mana. Mun kuma ji cewa a waɗansu wurare maganar ta kai ga ɓacin rai a taron kwamiti. Matasa suna ganin dattawa sun riƙe kuɗi ba gaira ba dalili, dattawa kuma suna ganin yara suna so su kashe baiko a kan abin wasa. Ma'aji yana tsakiya, bai san abin da ake so ya saya ba, balle ya san ko farashin daidai ne. Muna so kowa ya tashi daga nan ya san mene ne wannan kati, ya san lokacin da ya kamata a saye shi, da lokacin da sayensa zubar da kuɗi ne.

Kada wani ya ce ina ruwan ƙauye da kwamfuta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya fi kowa karatu a ajinsu, zai ɓata lokacinsa yana neman inda zai danna. Tsohuwar kwamfutar nan da ke lulluɓe da zane a ofishin fasto, ita kaɗai ce 'ya'yanmu da yawa za su iya taɓawa kafin wannan rana. Saboda haka ba ma so ta mutu, ba ma kuma so a kashe mata kuɗi a inda ba nan ciwonta yake ba.

To, mene ne katin hoto? Hoton da kuke gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu launi. Fuska mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080 tana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma ana sabunta su wajen sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Dole akwai abin da ke lissafa launin kowane ɗigo, ya aika wa fuskar. A yawancin kwamfutocin ofis, wannan ma'aikaci yana haɗe ne da babban allon ciki, ko kuwa yana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana kuma aron wurin aiki daga ram. Katin hoto shi ne ma'aikaci na dabam da ake saya, mai ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa, sau da yawa har da fankarsa, a soka shi cikin gurbi a kan allon. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ƙwaƙwalwar waɗannan katuna, Nvidia mai GeForce, da AMD mai Radeon. In kun ga an rubuta ATI a jikin tsohon kati, ai dangin Radeon ne, gama AMD ya saye kamfanin ATI a shekarar 2006.

Ga abin da muke so dattawa da matasa su ji tare. Katin hoto aikin hoto kaɗai yake yi. Ba ya sa kwamfuta ta tashi da sauri da safe. Ba ya sa wasiƙa ta buɗe da wuri, ba ya gyara intanet mai jan ƙafa, ba ya kashe ƙwayar cutar da filashi ya kawo daga shagon buga takardu. Idan aikinku rubuta wasiƙa ne, da lissafin baiko, da rajistar baftisma da aure, da buga tsarin sujada, da koya wa yara buga haruffa da gwajin tambayoyin JAMB, to abin da ke cikin kwamfutar ya isa, har da saura. Wanda jakinsa ke ɗingishi, sabon mangala ba zai ƙara masa tafiya ba.

Kafin a yi maganar kuɗi, a fara gano inda nauyin yake, kuma wannan ba ya cin ko sisin kwabo. A kan Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A duba shafin da ke nuna yawan aikin furosesa, da ram, da faifan ajiya, a daidai lokacin da kwamfutar ke nauyi. A tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana, abin da muka fi gani shi ne faifan ajiya ya tsaya a 100 bisa 100, ko kuwa ram ya cika maƙil. Tsohon had dis faifai ne mai juyawa, da allura mai neman bayani, ga tsufa kuma. In aka sa SSD a madadinsa, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, kwamfutar da ke ɗaukar mintoci kafin ta tashi za ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. In ram ɗin gigabait 2 ne aka kai shi 4 ko 8, nan ma za a ga bambanci a ranar. Sai dai a lura, ram iri-iri ne, DDR2 ba ya shiga gurbin DDR3, tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba, kuma Windows mai 32-bit ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4. A ra'ayinmu, in kuɗin abu ɗaya kaɗai ikilisiya take da shi, SSD za ta saya.

Akwai kuma maganin da bai fi tsumma da buroshi ba. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya furosesa. In zafi ya yi yawa, furosesa da kansa yakan rage gudu don kada ya ƙone, wani lokaci kwamfutar ta mutu gaba ɗaya a tsakiyar aiki. Mun sha buɗe kwamfuta mu tarar da gidan zanzaro, da kashin ɓera, da saƙar gizo. A share, a sake shafa man sanyaya a kan furosesa, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa a ɗora a kan tebur. In kuma kullum tana mance kwanan wata, ƙaramin batir ne mai kama da kwabo a kan allon, CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Amma matasa ba su yi ƙarya duka ba. Akwai lokacin da katin hoto shi ne maganin. Na farko, in kuna so ku haɗa kwamfutar da majigi ko talabijin domin nuna fim ɗin Yesu, ko koyarwar lafiya, ko kalmomin waƙa a lokacin sujada, amma bakin da ke bayanta bai dace ba. Tsofaffin kwamfutoci suna da VGA, shuɗin baki mai ramuka 15, wanda ya fito tun 1987, kuma hoto kaɗai yake ɗauka ban da murya. Talabijin na yanzu HDMI suke so, mai ɗaukar hoto da murya a waya ɗaya. A nan ma a fara tambayar ɗan abin da ke juya VGA zuwa HDMI, gama ya fi kati araha nesa. Amma in kuna so mai aiki ya riƙa ganin abu ɗaya a gabansa, jama'a kuma suna ganin wani a bango, kwamfutar kuwa baki ɗaya take da shi, to ƙaramin kati mai baki biyu ko uku ya biya bukata. Haka nan in bidiyo yana sarƙewa, murya ta yi gaba hoto ya tsaya a baya. Wayoyin hannu da yawa yanzu suna ɗaukar bidiyo da tsarin matsewa da ake kira HEVC, wanda aka kammala a 2013, kwamfutar da ta girme shi kuwa sai ta sha wahala kafin ta warware shi. Bidiyon bikin aure ko na taron zumuntar mata da aka ɗauka da waya yakan ƙi tafiya sumul saboda haka. Sai kuma in bakin hoton na ciki ya lalace, ko tsohon katin ya mutu, fuska ta cika da layuka da launuka barkatai.

Game da wasan ƙwallo na kwamfuta, bari mu faɗa a fili tun da iyayenku suna nan. Mun san shi ne a zuciyar waɗansu. Wasa ba zunubi ba ne, kuma yara da yawa ta wurinsa suka saba da kwamfuta. Amma in shi ne dalilin, ku faɗa wa kwamiti hakanan, ku yi karo-karo a zumuntar matasa, kada a rubuta wa ma'aji cewa don aikin bishara ne.

To, a ce an duba an ga lallai kati ake bukata. Kada kowa ya hau mota zuwa kasuwa tukuna. A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a buɗe murfin gefe, a duba gurbin da ke kan allon. Gurbi iri uku ne za ku iya gani. Akwai farare gajeru, su ne PCI, na tun farkon shekarun 1990, ba su da amfani ga wannan aiki a yau. Akwai guda mai ruwan ƙasa, wanda ya ɗan ja baya daga sauran, shi ne AGP, ya fito a 1997. In shi kuka gani, kwamfutarku ta kai shekara 20 ko ta wuce, an daɗe da daina ƙera katinta, wanda za ku samu a gwanjo kuwa tsoho ne kamarta. Shawararmu, kada ku sa mata ko kwabo, ku bar yara su koyi buga haruffa da ita har ƙarfinta ya ƙare. Na uku dogo ne mai ɗan maƙalli a ƙarshensa, shi ne PCI Express, wanda ya fara shiga kwamfutoci a 2004, kuma har yau shi ake amfani da shi. Alherinsa shi ne sabon kati yakan shiga tsohon gurbi ya yi aiki, ko da yake waɗansu katuna na kwanan nan sukan ƙi tashi a kan allo mai tsufa sosai. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa a cire ta daga lissafi, gama a kusan dukansu an liƙe abin hoton da dalma a jikin allon, ba ya fita. Wanda ya ce zai canja muku shi, ku riƙe kuɗinku.

Bayan gurbi sai girman akwati. Yawancin kwamfutocin da ke zuwa gwanjo na ofisoshin Turai da Amurka ne, irin su Dell OptiPlex, da HP, da Lenovo ThinkCentre, kuma da yawansu sirara ne, waɗanda akan kwantar a ɗora fuska a kai. Kati mai cikakken tsayi ba ya shiga cikinsu, murfi ba zai rufu ba. Akwai gajerun katuna da aka yi dominsu, masu zuwa da ƙarfen baya biyu, dogo da gajere. Ku tabbata mai shago ya ba ku gajeren ƙarfen. Ku auna wurin da tsinke ko igiya kafin ku tafi, ku ɗauki hoton cikin akwatin da waya, ku rubuta lambar kwamfutar. In da hali ma ku ɗauke ta dungum ku tafi da ita, a gwada a gabanku.

Yanzu mun zo kan maganar wuta, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin a nan ne ikilisiyoyin ƙauye suka fi yin hasara. A cikin kowace kwamfuta akwai akwatin ƙarfe da wayar wuta ke shiga, masu gyara suna ce masa fawa fak. A jikinsa akwai takarda mai nuna wat nawa yake iya bayarwa. Na siraran kwamfutocin ofis yakan kasance tsakanin wat 200 da 300, an kuma yi shi daidai da kayan da ke ciki, ba a bar rara mai yawa ba. Gurbin PCI Express ba ya ba kati fiye da wat 75, na waɗansu siraran ma bai kai haka ba. Katin da ke cin fiye da wannan yana da baki a gefensa mai ramuka 6 ko 8, inda ake soka masa waya ta musamman daga fawa fak: mai 6 tana ƙara wat 75, mai 8 tana ƙara 150. In kun ga kati mai irin wannan baki, fawa fak ɗinku kuwa ba shi da wayar, wannan kati ba naku ba ne. Za a nuna muku 'yar wayar da ake jonawa a ƙetare wannan, a ce ba komai. Kada ku yarda. Fawa fak da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, in ya tashi mutuwa yakan tafi da allon da faifan ajiya, rajistar ikilisiya ta shekara da shekaru tana ciki. Canja fawa fak kuma ba kullum yake yiwuwa ba, gama waɗansu Dell da HP suna da nasu irin baki wanda na kasuwa ba ya shiga.

Ku kuma yi lissafin abin da ke ba ku wutar. Ƙaramin janaretan nan da aka rubuta wa 950, ainihin abin da yake iya ɗauka a kai a kai wajen wat 650 ne. Majigi mai ƙwai yakan ci wat 250 zuwa 300 shi kaɗai. Ku ƙara kwamfutar, da amfilifaya, da fitilu, za ku ga babu wurin kati mai cin wat 200. Masu sola kuma, ga naku lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wajen wat 1200 na awa ɗaya, kuma in irin na dalma ne, rabi kaɗai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Kati mai cin wat 30, in ya yi awa 4 yana aiki sosai, ya sha 120. Mai cin wat 200 kuwa zai sha 800 a wannan lokaci, ya wuce abin da batirin zai bayar tun ba a lissafa kwamfutar kanta ba. Ga asibitin ƙauye ko makarantar da ke raba batir ɗaya da fitilar dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tun da muna kan wuta, ga wani gargaɗi wanda ya fi maganar kati muhimmanci. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan jan makunni a bayan fawa fak, gefe ɗaya 115, ɗaya gefen 230. In kyauta ta zo daga Amurka makunnin yana kan 115, aka jona ta a wutarmu, ƙara ɗaya za ku ji da hayaƙi, shi ke nan. Ku duba wannan kafin ku jona kowace kwamfuta da aka ba ku. Ku sa sitabilaiza ko UPS a tsakani, ku bar janareta ya daidaita kafin ku kunna, ku kashe kwamfuta kafin a kashe shi, in hadari ya taso da tsawa kuma ku zare waya daga bango.

Wane kati ke nan? Ba mu da shago, ba mu kuma karɓi ladan kowa ba, amma ga waɗanda muka san suna zama lafiya a irin kwamfutocinmu. GeForce GT 710 yana cin wat 19, yawanci yana da VGA da DVI da HDMI, waɗansu ba su da fanka ma, saboda haka babu abin da ƙura za ta tsayar. Amfaninsa ƙarin baki ne kawai. Ƙarfinsa kusan ɗaya ne da abin hoton da ke cikin furosesan Intel na wajen 2013, bai iya HEVC ba, kuma tun 2021 Nvidia ya daina yi masa sabbin direbobi na yau da kullum. GT 1030, na shekarar 2017, yana cin wat 30, yana warware HEVC da kansa, shi ne muke ganin ya fi dacewa da aikin majigi da bidiyo. Amma iri biyu ne da suna ɗaya: mai ma'ajiyar GDDR5, da mai DDR4 wanda ya fi shi rauni ƙwarai. Ku karanta kwalin, ku nemi GDDR5. Ku kuma sani yawancinsu ba su da VGA, in majiginku tsoho ne sai kun haɗa da abin juyawa. Ga matasan da ke koyon haɗa bidiyo ko zane, akwai GTX 750 Ti na 2014 mai wat 60, da GTX 1050 Ti na 2016 mai wat 75, waɗanda yawancinsu ba su bukatar ƙarin waya. Fiye da wannan, tsohon furosesa ba zai iya ciyar da katin da aiki ba, kun sayi ƙarfin da zai zauna banza.

A kasuwa kuma ku buɗe ido, gama akwai jabu. Sananniyar dabara ita ce a ɗauki tsohon kati, kamar GTS 450 na 2010, a sake masa rubutun ciki har kwamfuta ta riƙa kiransa GTX 1050 Ti, a sa masa sabuwar riga da sabon kwali. Zai nuna hoto, amma da an ba shi aiki mai nauyi sai ya tsaya. Alama ɗaya mai sauƙi: in an ce muku 1050 Ti ne amma kuka ga shuɗin bakin VGA a bayansa, ku yi shakka ƙwarai. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z wadda ke nuna ainihin abin da ke cikin kati, takan kuma tona irin waɗannan. Kada yawan gigabait da aka rubuta a kwali ya ruɗe ku, raunannen kati mai gigabait 4 raunanne ne har yanzu. Ku sa a kunna bidiyo ya yi minti 15 ko 20 a gabanku, ku saurari fankar, ku karɓi rasit mai lambar katin da sharaɗin mayarwa. Mutum biyu su tafi, ɗaya daga matasa, ɗaya daga kwamiti. Ba don ana zargin kowa ba, sai don kada a bar wa mutum ɗaya nauyin amsa tambaya in abu ya ɓaci.

Sa katin kansa bai kai ɗaurin tayar keke wuya ba. Kafin kome, a kwafe rajista da lissafin kuɗi a filashi. A kashe, a zare waya, a danna makunnin gaba na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa katin. Kun san yadda rigar leda ke ƙyasƙyas da hunturu, har mutum ya ji tsam in ya taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wuta ta isa ta kashe kati, saboda haka a riƙe shi ta gefe, ban da taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. A cire ƙarfen da ya rufe tagar baya, a daidaita katin a kan gurbin, a danna a hankali har maƙallin ya kama, a ɗaure noti. Sa'an nan ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: wayar fuska a sabon katin za a soka ta, ba a tsohon bakin na sama ba. Sau da yawa akan dawo da kati a ce ba ya aiki, alhali wayar tana tsohon wurinta. Bayan ta tashi sai a sa direba, wato manhajar da ke koya wa Windows magana da katin. A sauko da ita daga shafin kamfanin tun ana gari inda intanet ke da ƙarfi, a tabbata ta dace da irin Windows ɗinku, gama sabbin katuna ba su da direban Windows XP. Fawa fak kuwa, da tsohuwar fuska mai ƙaton baya, kada kowa ya buɗe cikinsu ko an zare waya, suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum.

Wata tambaya da ma'aji ya kamata ya yi ita ce, shekara nawa suka rage wa wannan kwamfuta? Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, da Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 ba ya karɓar yawancin kwamfutocin da suka girmi 2018. Wannan bai hana kwamfutarku aiki ba, musamman in ba ta hawa intanet, akwai kuma Linux Mint da makamantansa na kyauta masu tafiya da kyau a tsofaffin injuna. Amma in kuka tara kuɗin kati, da ram, da SSD, da kuɗin mota, kuka ga ya kusa kuɗin wata kwamfutar gwanjo da ta fi taku ƙuruciya, wadda ta zo da HDMI ko DisplayPort a jikinta, ku sayi waccan. Ku duba allon kuma: in ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kansa sun kumbura a sama ko suna zubar da abu mai ruwan tsatsa, cuta ce da ta kama kwamfutoci da yawa na farkon shekarun 2000, allon yana bakin mutuwa.

Ga masu karɓar kyauta a madadin ikilisiya, ba rashin godiya ba ne ku tambayi shekarun kwamfuta da ko tana aiki kafin ku biya kuɗin dako. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta yi bincike a Legas, ta ba da rahoto cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa kowane wata, kuma masu sana'ar sun ce har kashi 75 cikin 100 na kayan shara ne da ba ya gyaruwa. Abin da ya mutu kuma kada a jefa wa yara su yi wasa da shi, kada a ƙone shi a bola don a ciro jan ƙarfe. Akwai dalma a jikin tsofaffin alluna, gilashin tsohuwar fuska mai ƙaton baya kuwa yakan ƙunshi kilo guda ko fiye. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Ku tara matattun kayan a ɗaki mai kulle, nesa da rijiya da rumbu, har a sami mai ɗauka zuwa birni.

Waɗanda suka zo da kwamfutocinsu, bayan an ci abinci ku kawo su teburin baya. Za mu buɗe su ɗaya ɗaya tare da ku, kowane magatakarda ya rubuta irin gurbin, da wat ɗin fawa fak, da yawan ram a littafin ikilisiya. Muna roƙon kowace ikilisiya ta turo mace ɗaya aƙalla cikin masu riƙe sukundireba.